Gwiwar Inna da Yatsun Yaya: Abin da Idona Ya Gani a Matankari

Matankari gari ne na sarauta. Nan ne asalin gadon Sarkin Arewa, cikin kwarin Dallol Mawri, arewa da Dogon Dutsi, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Baƙo in ya sauka, tarihi ake ba shi: Sarauniyar Lugu da karon da ta yi da rundunar Faransawa a 1899, Bauran Bagaji, da sarakunan da suka shuɗe. Ni tarihin da zan bayar na cikin gida ne, irin wanda makaɗa ba sa yi wa kiɗa. Mutum uku a danginmu ciwon gaɓɓai ya kama a kan idona: mahaifiyata, yayata da kawuna. Cutar kowa daban take, amma shekara da shekaru magani iri ɗaya aka yi ta ɗura masu, kuma kowannensu ya ɗanɗana kuɗar wannan rashin sani.

Sai an san aikin macen Arewa ake gane ciwon gwiwarta. A shekarun 1980, lokacin muna ƴan lakwal, Inna kan riga ladan tashi. Ta yi surfe, ta wanke hatsi, ta yi daka a tsaye, ta durƙusa gaban dutsen niƙa. Daga nan sai rijiya. Ruwan kwarinmu ba shi da nisa ƙwarai, amma tulu ba ya rage nauyi don rijiya ta yi kusa. Itace kuwa sai an hau fako, a sauko da dami a ka da goyo a baya. Da damina ga gamanarta ta gujiya da kuɓewa da yakuwa, noman duƙe tun hantsi har azahar. Girki a tsugune, wanki a tsugune, tankaɗe a tsugune. Ga haihuwa bi da bi. Ba Inna kaɗai ba, duk matan unguwarmu haka suke, kuma babu wadda ke ganin wani abu ne na faɗi.

Wajen farkon shekarun 1990 muka lura ta fara dafa bango in za ta tashi daga salla. In ta miƙe, kana jin gwiwar tana ƙas-ƙas daga bakin ƙofa. Da asuba ƙafar kan ƙage, amma kafin wutar murhu ta kama ta saki. Da yamma, bayan aikin yini, a nan ciwon ke cin ta, ya fi tsanani kuma in ɗari ya shigo. Mutanen gida suka ce sanyi ne ya shige ta, wasu suka ce girma ne ya zo. Aka kira wanzaminmu, dattijon da ya yi wa dukanmu askin suna. Ya kafa mata ƙaho a gefen gwiwa, ya zubar da baƙin jini a ƙasa, ya nuna mana ya ce ga muguntar nan ta fito. Aka yi tsaga, aka shafa man shanu, aka jiƙa sassaƙen hano da na maɗaci. Takan sami sauƙin kwana biyu, ciwon ya dawo inda yake.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin magani a farmasi ya haura sama. Tun daga wannan lokaci masu tallan magani suka yawaita a kasuwanninmu, wasu a faranti, wasu a bayan keke, kayan galibi daga hayin iyaka. Akwai wani saurayi da ke shiga gida-gida. Ba ya tambayar komai sai inda ke ciwo. Ya tsinto ƙwaya ja, da fara, da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a leda ya ce ga haɗi. Ranar da Inna ta fara sha, washegari ta yi daka har tana luguden taɓarya. Ta ce: "Wanga yaro ya fi likita sanin aiki." Da farko sai ciwo ya matsa take sha. A hankali ya koma kullum. Fuskarta ta cika ta yi kumatu, wuya ya yi kauri, mata suna yi mata barka da samun hutu, suna cewa ɗiyanta sun fara kama albashi, ga alama nan a jiki.

Ana cikin haka sai ga na Yaya, kuma nata ya fi ban tausayi, don ko talatin ba ta cika ba. Tana aure a wani ƙauye ta hanyar Bagaji. A 1999 ta yi haihuwarta ta uku. Ba a daɗe da gama arba'in ba sai yatsunta suka kumbura, hannun dama da na hagu lokaci guda, har da wuyan hannu. Inna ƙagewarta ba ta wuce ɗan lokaci, ita kuwa Yaya sai rana ta take sosai kafin ta iya dunƙule hannu. Ba ta iya ɗaura zane da kanta, balle goyo. Ga kasala, ga zazzaɓi sama-sama, ga rama.

Nan take aka sami mai laifi: wankan jego. Uwar mijinta ta ce Inna ce ba ta tsaya an yi wankan yadda ya kamata ba, ruwan bai tafasa ba, an yi ƙwauron kunun kanwa. Inna ta ce ita ta wanke jego ya fi a ƙirga ba wadda ta sangarce, sai dai a bincika gidan miji. Gidaje biyu suka yi shekara ba sa ga maciji. Sai Yaya ta sake samun ciki, ciwon ya lafa har ta koma daka, kowa ya ce an rabu da ƙaya. Tana haihuwa ya dawo, ya fi na da, ya haɗa da gwiwoyi da idon sawu. Wannan tafiya da dawowa ita ta sa tsofaffi suka ce ba ciwon likita ba ne, akwai Doguwa a ciki. Arewa ƙasar bori ce, ba wanda zai yi mamaki. Aka yi wasa, mai goge ya kwana yana ja, aka yanka akuya. Ɓangaren Baba kuma suka kawo rubutu da tofi. Tsakanin wannan da wancan, haɗin ledar nan ne abincinta, don Inna da hannunta ta aika mata, da kyakkyawar niyya.

Yatsun suka fara karkata, duk suka kwanta wajen ƙaramin yatsa. Mijinta ya ƙara aure. Ba ƙiyayya ba ce, gida ne ke son mai daka da mai ɗebo ruwa, haka kowa ya faɗa. Na je gaishe ta bayan bikin, ina ta kame-kamen ba ta haƙuri, sai ta ce mini: "Ƙanena, bar zancen kishiya, ba ita ad damuwata ba. Ɗiyata na kuka gabana, in miƙa hannu in kasa ɗaukar ta, wanga shi ka hana ni kwana."

Shekarar 2005 ba mai mantuwa ba ce a Nijar. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, rumbuna suka ƙare tun kafin ruwa ya sauka, tiyar hatsi ta kai kuɗin da ba mu taɓa ji ba. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, wasu sun koma ga anza da ganyaye. Inna kan tura wa jikoki rabonta ta ce ta ƙoshi, amma ƙwayoyinta ba ta fasa ba, da ruwa take kora su a cikin da babu komai. Ashe ta daɗe tana jin zafi a ƙahon zuci, bayan gidanta kuma ya koma baƙi ƙirin, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Wata safiya cikin watan Agusta, ina gida hutun makarantar da nake koyarwa, ta yi aman jini ta zube kusa da turmi.

A amalanke muka kai ta likitar garinmu. Majo ya janye fatar idonta ya ga fari fat, ya auna jininta, bai ɓata lokaci ba ya rubuta takarda ya ce Dutsi, yanzu. A asibitin Dogon Dutsi aka ɗibi jinina da na ƙanena aka ƙara mata. Da ta farfaɗo, likitan ya zauna bakin gado ya ce: "Inna, mi kike sha na ciwon gwiwa?" Ta ce ba komi. Sai jikanyarta ta kwance haɓar zanenta ta fiddo ƙullin leda. Ya zazzage a kan tebur yana ware su ɗaya-ɗaya. Wannan dikulofenak, wannan ibuforofen, wato abu biyu masu aiki ɗaya an haɗa mata a lokaci guda. Wannan ƴar ƙaramar kuma dekisametazon ce, wadda ake kira dekisa. Biyun farko, in ji shi, suna kashe zafin ciwo da gaske, amma in aka daɗe ana sha, musamman ga tsoho da kuma cikin da ba abinci, suna cinye bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna lalata ƙoda, suna ta da hawan jini. Dekisa kuwa ita ta kawo kumatun da ake yi wa barka. Ba ƙiba ta lafiya ba ce. Tana jawo ciwon sukari, tana ɓuɓɓuge ƙashi, tana raunana jiki gaban cututtuka, in kuma ta haɗu da waɗancan biyun gyambon ciki ya fi saurin fashewa. Na ce to a zubar da su duka. Ya ce a'a, dekisa ba a yanke ta rana ɗaya ga wanda ya daɗe a kanta, jiki ya riga ya dogara da ita, yankewa farat ɗaya na iya kisa. A hankali ya riƙa rage mata har ta rabu da ita.

Da ta ji ƙarfi aka ɗauki hoton gwiwar. Likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya ce: "Inna, kin san farin abun nan mai santsi da ke kan ƙashin akuya, wanda yara ka so su gurgura?" Ta ce guringuntsi. Ya ce to kowace gaɓa ta ɗan Adam tana da shi, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Nata ya siɗe ta gefen ciki, ƙasusuwan sun matso juna, shi ya sa ƙafafun suka fara lanƙwashewa. Shekaru, da nauyin kaya, da yawan durƙuso da tsuguno, su suka taru suka yi aikin. Babu ƙwayar da ke mayar da shi, babu kuma baƙin jinin da ƙaho zai zuƙe. A manyan birane ana aikin sa gwiwar ƙarfe, amma kuɗinsa miliyoyi ne. Abin da ke hannunmu shi ne a rage wa gwiwar wahala, a ƙarfafa naman cinya, a sha magani da ƙa'ida.

Duk wannan bayani Yaya na tsaye da kofin kunu, ta tallafe shi da tafukan hannu biyu don yatsun ba sa riƙo. Likitan ya dubi hannun, ya bar maganar Inna ya ce mata: "Hajiya, tun yaushe?" Ta ce shekara shida. Ya taɓa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ta tsawon lokacin da take ƙagewa da safe, ya girgiza kai ya ce nata ba irin na Inna ba ne ko kusa, kuma ba a nan za a gama shi ba, sai Yamai. Da ba don aman jinin Inna ba, ban san ranar da wani ma'aikacin lafiya zai ga hannun nan ba.

Bayan an yi girbi an sami na mota muka tafi, tafiyar kusan kilomita 300. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai aka yi awon jini da hoton hannuwa. Likitan gaɓɓai ya yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ta ruɗe ta juya kan shimfiɗar da ke cikin gaɓoɓi, tana kumbura ta, kumburin yana cin guringuntsi da ƙashi. Ya ce cutar ta fi kama mata, sau da yawa tana lafawa da ciki ta taso bayan haihuwa, don haka tafiya da dawowar da aka ɗora wa Doguwa ɗabi'arta ce sananniya. Yaya ta tambaye shi a hankali ko wankan jego na da hannu. Ya ce ko kaɗan. Da muka dawo gida muka faɗa, Inna ta yi shiru, can ta ce a kai wa uwar mijin wannan magana yadda take, kada a rage ko harafi.

Maganin da aka ɗora ta a kai sunansa metotereksat, kuma yana da dokoki masu tsauri. Sau ɗaya a mako ake sha, wanda ya mayar da shi na kullum zai iya rasa ransa. Ana haɗa shi da folik asid, ana awon jini lokaci-lokaci don a duba hanta da ƙwayoyin jini. Ba ya aiki nan take, sai an yi makonni. Mafi nauyi duka, ba a ɗaukar ciki a kansa, don yana nakasa abin da ke cikin. Ga mace mai sabuwar kishiya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai da Baba ya kira mijin ya zaunar da shi a zaure kafin aka daidaita. Yaya ta zaɓi Juma'a ranar shan maganinta don kada ta ruɗe. Samunsa ma aiki ne, sau da yawa sai mun ba direbobin motocin Yamai saƙo.

Cikin wata uku kumburin ya sauka, ta fara kwana, ta yi jiki, ƙagewar safe ta ragu ƙwarai. Yatsun da suka karkata dai sun karkata ke nan. Likitan bai ɓoye mana ba: wannan cuta, in an tare ta a watannin farko, mutum na iya tsira da hannuwansa lafiya, abin da ta riga ta ci kuwa ba ya dawowa. Yau Yaya na sayar da kayan miya a ƙofar ɗaki, tana naɗe maɗaukin cokali da tsumma don ya yi kauri ta iya riƙewa. Shekarun da aka ɓata ana gardamar ruwan wanka su suka cinye yatsunta.

Ita kuwa Inna, abubuwan da suka tashe ta kusan duk ba na saye ba ne, sai dai kowanne sai da aka sha daga. Sanda ta ce ba ta riƙewa, ita ba makauniya ba ce. Sai da ƙawarta ta dawo daga Makka da sanda mai kyau sannan ta yarda, muka nuna mata yadda aka koya mana: a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar da ta fi ciwo ake riƙewa. Motsa ƙafa ta kira shi wasan yara. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa sambal, ta riƙe har a ƙirga goma, ta sauke, ta sake, safe da yamma. Jikanyarta ce ke ƙirgawa da faransancin lakwal, suna yi suna dariya, da haka abin ya zauna. Muka ɗaga murhu da tubali ta koma girki a kan kujera. Kafinta ya yi mata kujera mai rami aka ɗora a masai. Hatsi ya koma injin niƙa, ruwa kuma yara ke kawowa a amalanke. In ciwo ya motsa ta gasa gwiwar da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa maganin shafawa, ta sha farasitamol yadda aka ƙayyade mata. An kuma gargaɗe mu kada tausayi ya sa mu zaunar da ita wuri ɗaya, don gaɓar da ba ta motsi ƙara ƙagewa take yi, naman cinya kuma ya shanye.

Salla ce ta fi wuya. Ta gwammace ta yi sujada tana hawaye da ta zauna a kujera, gani take sallar ba ta karɓu ba. Limamin unguwarmu ya shigo har cikin gida ya ce mata: "Inna, malamai ba su saɓa ba, wanda bai iya tsayuwa shi yi zamne, ladarsa ba ta raguwa. Allah bai ɗora ma rai abin da ya fi ƙarfinsa." Abin da ɗa da likita suka kasa, liman ya gama shi a zama ɗaya. Ta ƙara shekara goma sha biyu a duniya tana zuwa suna da gaisuwa da ƙafarta, tana leƙa garkar dankalin ƙanena da ɗari. Allah ya jiƙanta.

Na kawu ya zo daga baya, kuma shi har da abin dariya. Mahauci ne, yana da tukuba kusa da tasha. Wata rana cikin dare babban yatsan ƙafarsa ya kama wuta, ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa sai ya yi ƙara. Ya rantse abokan sana'a ne suka binne masa sammu ya taka. Boka ya yi turare, bayan mako ciwon ya tafi, boka ya karɓi ladan da ba nasa ba, don wannan cuta da kanta take lafawa. Bayan Babbar Salla ya dawo, ya sake dawowa, ya hau idon sawu. Ƴaƴansa suka kai shi Galmi, asibitin mishan ɗin nan da ke tsakanin Ƙonni da Madawa tun 1950. Awon jini ya nuna sinadarin yurik ya yi masa yawa. Shi ne ke daskarewa ya zama ƴan tsinaye masu kaifi a cikin gaɓa. Aka ce ya rage hanta da ƙoda da sauran kayan ciki da romo, ya bar lemun kwalba, ya yawaita shan ruwa, ya riƙa shan alofurinol kullum ko ba ciwo. Ya dawo yana faɗa: "Ku ji mini! A hana ma mahauci hanta, to wa za ya ci ta?" Da ya ji sauƙi ya ajiye maganin. Jiki magayi. Da ƙullutai suka fito masa a gwiwar hannu, ya kwana uku bai buɗe tukuba ba, ba wanda ya ƙara yi masa wa'azi.

Aikin koyarwa ya kai ni ƙauyukan Arewa da dama, wajen Dankasari da Kieshe, kuma a can na ga cewa yara ma ba su tsira ba. Wani ɗan ajina gwiwarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi mai ƙarfi. Iyaye suka ce faɗuwa ya yi wajen ƙwallo, aka kai wa maɗori ya ɗaure. Mako biyu ana jira, ashe ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ta tara mugunya. Da aka kai shi asibiti an ceci ransa, amma ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Irin wannan kwanaki kaɗan ke isar sa ya rushe gaɓa. Akwai masu amosanin jini, wanda muke kira emasi, da ƙugu ke lalacewa tun suna samari. Akwai yaron da zai yi ciwon maƙogwaro, bayan makonni ciwo ya riƙa tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, in an yi sake ya bar masa ciwon zuciya na har abada. Akwai tarin fuka da ke kama ƙashin baya ya fito da doro, alhali maganinsa kyauta ne a ƙasar nan. Wani lokaci ma daga ruwan sha ne. A Tibirin Gobir, ta jihar Maraɗi, ba tamu ta Doso ba, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama kafin a gano wajen shekarar 2000. Duk waɗannan, in an kai wa mai faranti, ƙullin leda ɗaya zai miƙo.

Kada a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin ciwon Inna, kashi 60 cikin ɗari mata, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Masu irin na Yaya miliyan 18 ne, kashi 70 cikin ɗari mata. Masu bincike sun nuna cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku, abin da ya kamata hajiyoyin birni da alhazai su ji. Bambancinmu da wasu ƙasashe shi ne can ana ganin mai ciwo da wuri, nan kuwa sai ya faɗi. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki ke samun kulawa kyauta a Nijar, tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa ba ta cikin lissafin, shi ya sa ƙullin ledar mai faranti ya fi mata sauƙi. Yanzu kuma tiramol ya shigo cikin haɗin, ya ƙara wa abin muni.

Wanzami da maɗori da mai sassaƙe mutanenmu ne, suna da inda suke da amfani, kuma su ake fara zuwa wurinsu. Da za a zaunar da su a nuna masu alamomin da ba a jira da su, da an ceci gaɓoɓi masu yawa. Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Gaɓa ɗaya mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, ranar nan a kai likita. Yatsun hannu biyu da suka kumbura, da ƙagewar safe da ta wuce awa guda, in an yi makonni ba sauƙi, a nemi awon jini tun yatsun suna miƙe. Mai shan maganin ciwo da bayan gidansa ya yi baƙi, ko fuskarsa ta cika ba dalili, a kai shi tare da ƙwayoyin da yake sha.

Kirana ga masu gari da limamai da gidajen rediyon Dutsi shi ne su riƙa faɗin waɗannan a wurin suna da huɗuba da shirye-shiryen dare, don maganarsu ta fi takardar likita shiga gida. Ga ƴan'uwana maza kuma, kuɗin injin niƙa, da amalanken ruwa, da kujerar girki, sun fi jinin da za a ɗiba a jikinku a Dutsi araha. Wanda ke da uwa ko mata mai ciwon gaɓɓai, yau ya tambaye ta abin da ke ƙulle a haɓar zanenta, ya ɗauka ya kai wa majo ya duba.